Tukuicin Iya Hatanaka

Niigata, 9 ga Oktoba, 2006

Zuwa ga Lanzhi, uwar Nannan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Nannan da Mama. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, sai zafin murhu.

Na samu gida mai ɗaki biyu kusa da gidan abincin da nake girki. Sai dai mai gidan ba ya ba baƙo haya sai ɗan ƙasa ya tsaya masa, ya buga hatiminsa a takarda. In babu gidan, babu inda zan sauke ku. Maƙwabciyata Iya Hatanaka, tsohuwar malamar firamare da mijinta ya rasu, ta ce za ta tsaya mini. Ƙarshen wata za mu je wurin dillali.

Na yi ta tunanin abin da zan saka mata da shi. Ta taɓa nuna mini hoton mijinta a inda take kunna masa turare, danshi ya cinye rabin fuskar. Sai na tuna kwafin faifan manhajar gyaran hoto da ƙaninki ya sayo mini da 'yan canji, yuan biyar kacal, a kasuwar kwamfuta can gida. Na sa mata a kwamfutarta, kamar yadda na sa wa Kawu Feng da rabin mutanen layinmu. Muka shigar da hoton cikin kwamfutar, muka yi ta gyara har fuskar ta fito. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kunnen nan ya fi nasa kyau, amma bar shi haka."

Ina jin wannan karon na yi daidai. Ki gaida Mama.

Mijinki,
Baoshan

Niigata, 19 ga Oktoba, 2006

Uwar Nannan,

Gaisuwa da fatan alheri. Nannan ta warke daga tarin?

Jiya motar kanti ta sauke mini barguna biyu na gashin agwagwa, irin waɗanda nake wucewa ba na ko duba farashinsu. Iya Hatanaka ce ta aiko, wai naki da na Nannan.

Na tambayi Pang, abokin aikina, wanda ya girme ni a ƙasar nan da shekara goma. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Ya ce a nan in an yi maka kyauta, sai ka binciki kuɗinta ka mayar da tukuicin rabi. Ashe ta buga waya kanti ta tambayi kuɗin manhajar, ta gaskiyar, mai kwali da lasisi. Rabin wannan ta kashe.

"Kai Baoshan," in ji shi, "ka ba da iska an biya ka da agwagwa. Ja bakinka ka shige bargo. A gida ɗan sanda ma cewa zai yi ka kwafo masa, a nan kuwa kotu ake zuwa. In ka faɗa mata, sai dai ka ga hatimi a mafarki."

Na raba shafi biyu a littafin da nake rubuta al'amuran yini: dalilan faɗa da dalilan shiru. Ɓangaren shiru ya fi tsawo. Har yanzu ban ga wanda na raba da abinsa ba ranar da na sa faifan, kamfanin bai rasa ko kwali ɗaya ba. Amma kuɗin bargunan daga fanshonta suka fita, kuma wannan ina ganinsa. Wataƙila tunanina ne gajere. Me kika gani?

Naki,
Baoshan

Niigata, 5 ga Nuwamba, 2006

Lanzhi,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Nannan. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in yi shiru har a buga hatimi, in ya so daga baya in faɗa. Shawara ce mai kyau. Ta same ni na riga na je.

Na ɗauki bargunan na kai mata, na faɗi abin yadda yake, har da yuan biyar ɗin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zuba mini shayi, ta tambaye ni ko a garinmu kowa haka yake yi. Na ce har makarantar Nannan. Ta ce, "To malaman me suke ce wa yara in sun kwafi amsa?" Ban taɓa haɗa biyun ba.

Ta sa na cire manhajar a gabanta. Hoton da muka gyara yana nan wurin turare. Bargunan ta ƙi karɓa, ta ce na yarinya ne, yarinya ba ta yi komai ba.

Sannan na tambayi maganar dillali. Ta ce, "Malam Qiao, hatimi yana nufin na san mutum. Na ɗauka na san ka, yanzu kuma sai na sake koyo. Ka ba ni zuwa bazara." Da can Baoshan take kirana.

Dillali bai jira ba, ya ba wasu gidan. Pang ya ce a duk Niigata babu wawa kamata, amma ya yi alkawarin tambayar mai gidan abincinmu ko zai tsaya mini. Ban sa rai sosai ba. Da safe nakan haɗu da Iya Hatanaka wurin zubar da shara, muna gaisawa kamar kullum, sai dai a taƙaice.

Kada ki yi wa ƙaninki faɗa, alheri ya yi niyya. Kada kuma ki ajiye aikinki tukuna, ki sanar da makaranta Nannan za ta ƙarasa shekarar. Na fara rubuta wa Nannan bayani na yaga, na sake farawa na yaga. Ke kin fi ni iya magana da ita. In ta tambayi laifin wane ne, ki ce ta tambaye ni ranar Lahadi in na kira.

Ki kula da kanki.

Mijinki,
Qiao Baoshan