Baffa, Na Tsaye Suna Jiranka

Assalamu alaikum Baffa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ciwon gwiwar nan da muka ji labari ya zama kaffara. Mu nan sai godiya. Inna tana ta fama, Auta ya gama makaranta yana neman aiki, ni kuma ina nan shagon ɗinkina. Wanda ba shi da lafiya shi ne Baba, yayanka, kuma saboda shi na ɗauki biro. Bai san ina rubuto maka ba. Da ya sani da ya yi mini faɗa da ɗan numfashin da ya rage masa.

Zuciyarsa ce ta kumbura. Ƙafafunsa sun yi suntum, ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matasai. Likita ya ja ni gefe ya ce magani sai dai ya rage masa wahala, kuma duk wanda ke son ganinsa kada ya yi ta ɗage tafiya. Ban iya ɓoye-ɓoye ba, ka san halina, shi ya sa na faɗa maka yadda aka faɗa mini.

Ka tuna tsofaffin jaridun nan da ke kan kabad ɗin ɗakinsa, waɗanda Inna ta sha rantsuwa sai ta ba mai shago ya naɗe kaya da su? Da ciwon ya kwantar da shi ya ce a sauke masa su. Sun yi ja, gefensu sai marmashewa yake yi. Ba labaran yake nema ba, shafin baya yake so, wurin wasan cike gurbi. Da na jera su sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Na can ƙasa, na zamanin kuna samari a ɗaki ɗaya, a cike suke tsaf da rubutu iri biyu: fensirinsa a kalmomin kwance, shuɗin bironka a na tsaye. Na sama kuwa, tun daga shekarar da ka tafi har jaridar ta daina fitowa, duk rabi ne. Fensir kawai, guraben tsaye a wangale kamar bakin tsohon da haƙora suka zube.

Ni da wautata na ɗauka sanin ne ba shi da shi. Har na tsokane shi na ce ashe malamin makaranta guda ma ana kayar da shi. Auta ya ɗauki waya zai duba amsoshin ya cike masa, yana ta dariyar tambayoyin, wai ana tambayar babban birnin ƙasar da yanzu ko sunan ba ta amsawa, da jirgin da ya fi kowane gudu alhali an daɗe da jingine shi. Baba ya daka masa tsawar da sai da tari ya sarƙe shi. Inna ce ta kira mu kicin ta warware mana. Ta ce tun kuna yara kuka raba, kuɗin jarida ɗaya kuke da shi, don haka na kwance nasa, na tsaye naka, kuma ba mai taɓa rabon wani ko da amsar tana kan harshensa. Ta ce takan ji ku kuna musu a kan sunan wani tsauni har abinci ya huce.

Baffa, na san abin da ya shiga tsakaninku. Na san ba ka samu zuwa ba da Kaka ta rasu, na kuma san ya ce maka a waya daga ranar ba shi da ƙani. Ina tsaye a bakin ƙofa ya faɗa. Magana ce mai ɗaci, ba zan wanke shi ba. Amma ku biyun nan taurin kanku ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, mu kuma mun girma a tsakiya muna kallo, abin yana ci mana rai. Mutumin da ba shi da ƙani ba zai yi shekara da shekaru yana bar wa ƙaninsa rabonsa ba.

Yanzu idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, hannunsa kuma rawa yake. Akwai 'yan jaridun da bai taɓa ba, su nake karanta masa bayan la'asar, ya faɗa in rubuta. Har yanzu kansa garau. Ƙarfen da ke cikin ma'aunin zafi, tsuntsun da ba ya tashi, duk kafin in rufe baki ya amsa. Shekaranjiya idona ya zame na karanto masa ta tsaye, ana tambayar tauraruwar da ke fitowa gab da asuba. Na ga leɓensa ya motsa, ya san ta sarai. Sai ya juya fuska bango ya ce wannan ba tasa ba ce, in bar wa mai ita, yana nan zuwa. Na fita tsakar gida na yi kuka har Inna ta zo ta riƙe ni.

Ban ce ka zo ka ba shi haƙuri ba, ban kuma yi maka alkawarin shi zai ba ka ba. Ka zo kawai ka zauna a gefen gadon. Na gyara maka ɗakin Auta, jaridun kuma suna nan a jere yadda ya bar su.

Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ita ma ta tsufa. Auta da maigidana da yarana suna miƙa gaisuwa. A gaishe mini da Gwaggo da ɗanka Babban Yaya da amaryarsa. Na sayi shuɗin biro na ajiye a kan jaridar sama. Jiya Baba ya lalube shi, ya tambaye ni na wane ne, na ce na mai na tsaye ne. Sai ya hana a ɗauke shi daga wurin.

Taka har kullum,
'yarka da kake kira Sarkin Tambaya