Katin da Ya Taho Daga Bayan Mota

Aikin farko yau: kai Hala Hajo asibitin ido kafin ƙarfe tara.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto miki daga Istanbul, a bayan littafin da nake jera ayyukan yini. Shekara shida ke nan da muka kai ki makwanci, amma yau ke kaɗai nake son ba wa labari.

Ƙanwarki Hala Hajo na kawo. Ido ɗaya ya rage mata, shi ma ya fara tafiya, likita a can gida Madani ya ce aikin sai waje. Safiyar yau aka sa za a yi aikin. In muka rasa ranar sai bayan wata biyu, bizarmu kuwa ba za ta kai ba.

Kin tuna hafla, motar hayar nan ta Wad Haddad zuwa Madani. Kumsari, yaron mota, ya kaɗa yatsu, kowa ya miƙo kuɗin mota. Ke kuwa kafin ki kwance bakin mayafi sai kin waiga. In akwai tsoho ko mai goyo, nasu kike fara biya. Kikan ce mini, "Kai, ba a zama kusa da babba a bar shi yana laluben aljihu."

Nan babu kumsari. Kati ake zuba wa kuɗi a na'ura, in ka hau ka manna shi a ɗan akwati kusa da direba, ya yi ƙara, ka wuce. Ba gardamar canji, ba ihu. Abin ya burge ni ƙwarai, Inna. Kwana uku ina nazarinsa, na rubuta lambobin motoci da sunayen tashoshi, har da zane.

Halin da kika bar mini ne ban sa a nazarin ba. Jiya da shekaranjiya, duk tsohon da ya biyo ni a layi sai in yi sauri in manna masa katina. Su yi ta mini magana da harshensu suna dariya, ni in dafa ƙirji. Sai ɗazu mai masaukinmu ya gaya mini tsofaffin garin nan kyauta suke hawa.

Da safen nan ana ruwa, kowace tasi da mutum a ciki. Motar bas ta zo a cike, na kama hannun Hala muka hau, na manna. Jar wuta. Na sake, jar wuta. Katin ya ƙare. Na miƙa wa direba takardar kuɗi, ya girgiza kai, ba da faɗa ba. Ba ya taɓa kuɗi. Na'urar zubawa kuma tana can gangare, tafiya mai nisa ko ga mai ido biyu.

"Ɗan Yaya, mi ya faru?" in ji Hala.

Na ce akwatinsu ne ya lalace.

"Wanga da ka cika mini kunne da yabonshi kwana uku?"

Ina tsaye ina gumi cikin sanyi sai aka taɓa kafaɗata. Kati ne ya taho daga can bayan motar, hannu zuwa hannu, kamar yadda kuɗi ke isa wurin kumsari a gida. Ba wanda ya tsaya kallona. Wanda ke kusa da direba ya manna sau biyu, katin ya koma ta hanyar da ya zo.

Na kutsa baya da kuɗi a hannu. Mai katin wata mata ce sa'ata, da rigar masu shara a ƙarƙashin kwat. Ta ture hannuna, ta tashi ta jawo Hala ta zaunar da ita a kujerarta. Hala ta riƙe yatsunta tana jero mata addu'a da Hausa, ita tana cewa amin, amin. Wannan kalmar kaɗai suka haɗa, ta kuwa ishe su har asibiti.

Mun isa saura minti bakwai. An yi aikin, likita ya ce ya tafi daidai, sai gobe a buɗe. Tana kwance yanzu da bandeji, tana ƙorafin wai shayinsu ba madara.

Tun azahar nake tambayar kaina ko wauta na yi. Na san dai ke da kin duba bakin mayafinki kafin ki fita, ni ban duba ba. Amma Inna, da kin ga matar nan da kin so ta. Ko waiwayenta irin naki ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi. Allah Ya mayar wa ƙanwarki da ganinta. Baiwar Allah mai katin nan, da ban san sunanta ba, kada Ya bar ta tsaye a bakin hanya.

Ɗanki mai kewarki,
Usmanu.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
Zuba wa kati kuɗi kafin komai.
Koyon duba abin da ya rage a ciki.
Neman madara.
Ɗiga magani sau huɗu.
Gaya wa Hala akwatin lafiyarsa ƙalau, ni ne.