Kwamfutar Rabon Ruwan Jiratawa Ta Daina Faɗin Dalili

Zuwa ga Mai girma Darektan aikin rabon ruwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto a fili ne don takardu biyu da na ajiye a bironka, wato ofishinka, ba su sami amsa ba. Ni ne Isuhu, mai kula da kwamfutar da ke tsara wa manoman Jiratawa kwanakin ban ruwa.

Na farko. Tun asali da Prolog aka rubuta tsarin, harshen da ke tafiya bisa ƙa'ida: in kaza da kaza sun haɗu, to a yi kaza. Kwamfutar kan koyi ƙa'idojinta daga bayanan gonaki, ni kuma in karanta su sarai. In manomi ya tambayi dalilin jinkiri, sai in ce gonarka laka ce, tana riƙe ruwa, ta maƙwabcinka jigawa ce. Ya yi ƙunƙuni ya tafi.

Na biyu. Ka ce Prolog na da nawa wajen aiki, masu iya shi kuma kaɗan ne a ƙasar nan. Ban musa ba. Na roƙa a mai da sashen lissafi kaɗai zuwa harshen C, a bar ƙa'idojin inda ido zai gan su. Aka juye komai. Wanda ya yi aikin ya koma Yamai, ya bar mini lambobi zalla.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Sau biyu a jere kwamfutar ta tsallake gonakin gabas, albasa ta kwanta. Ga zaɓe ya matso, kuma galibin masu gonakin 'yan adawa ne. Malam Sani, dattijon da ke shugabantarsu, ya zo biro neman dalili. Na duba, na sake dubawa, na rasa. Ya ce, "In injin bai da baki, to kai ne bakinsa." Washegari aka jefe tagar biro. Matata ta kwashe yara zuwa gidansu a Tsibiri. Yanzu ko babur ya tsaya ƙofar gidana, sai na leƙa kafin in buɗe.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a dawo da tsohon tsarin, yana nan a hannuna. Ka kuma zo Jiratawa da kanka, ka shaida wa manoma ba ni na zaɓi wannan harshe ba. Ranar Laraba ruwa zai sake zagayowa gabas. Ban san abin da kwamfutar za ta fitar ba, amma ni za a tura in karanta musu.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare mu baki ɗaya.

Wassalam.

Isuhu,
Sabon Gari, Maraɗi.