Kalma Ɗaya Da Ciwo Ya Bar Maka

Zuwa ga Malamina, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randar da ban taɓa ƙoshi da shi ba,

Ina rubuto maka daga kan keken ɗinkina, kai kuma kana kwance a ɗaki ka juya wa duniya baya. Likita ta ce har yanzu kana iya karatu, to karanta, tunda ka daina kallona.

Ka tuna ranar da ka zo shagona karɓar riga? Ka juya ta, ka bi ɗinkin da ido kamar mai duba jarrabawa, ka ce, "Good." Na ce, "Malam, nan ba aji ba ne, in ta yi ka ce ta yi." Ka yi dariya har alli ya faɗo daga aljihunka. Da wannan kalmar Turancin na aure ka, na sha yi maka tsiya a kanta.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta kayar da kai a gaban allo, ta kwashe maka Hausa da Turanci kaf, kalmar nan kaɗai ta bar maka. Wayyo Allah! Kai da surutunka ke hana ni zura zare a allura?

Amma na koye ta, masoyina. In ka ja ta a hankali, ruwa kake so. In ka datse ta kana cije baki, kafaɗarka ce ke ciwo. Akwai ta fushi in na sa maka cokali a baki, akwai wadda ka faɗa da hawaye ranar da autarmu ta kawo sakamakon jarrabawarta. Akwai kuma tawa ni kaɗai, mai laushi, in ina shafa maka mai a hannu.

Na san abin da ya karya maka zuciya. Yaya Babba ya zo da labarin rasuwar abokinka, bakinka ya saki kalmar nan, wani baƙo ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuka na ji a cikinta, wallahi kuka! Tun ranar ka rufe baki, har motsa harshen da likita ta koya maka ka ƙi. Ta ce in ka daina, ita ma ɗayar za ta tafi. In ta tafi, da me za ka kira ni? Gidan nan ya yi shiru, ina tsoro.

Ban ce ka faɗi sunana ba, na haƙura da shi. Zan shigo da rigar da na gama maka yau, da gangan na karkata aljihunta. Ka duba ta, ka yi min faɗa, ko ka yabe ni. Duk wadda ka faɗa zan gane.

Taka, da magana ko babu, har numfashina ya ƙare,
'Yar telarka