Zanzaro a Bututun Gas

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya fama da jama'a? Mu nan Greensboro lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ka san tsohuwar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da maigidana Kabiru ya saya. A cikinta muke zaune yanzu, a filin abokinsa a McLeansville, kafin a gama gyaran rufin gidanmu. Ranar Asabar zan gasa kaza, oben ɗin ya ƙi kamawa. Sau uku ina murɗawa, babu wuta. Kabiru ya durƙusa ya ciro ashana. 'Yarmu Hanifa tana barci a gadon baya.

Na ce, "Abban Hanifa, tsaya. Ba ka jin warin gas?"

Ya ce, "Tsohuwar mota ce, haka take."

Na karɓe ashanar, na buɗe tagogi, na fita da yarinyar. Shi ya je ya rufe tukunyar gas. Da warin ya tafi, ya kwance bututun da ke cikin oben ɗin. Ashe zanzaro ne ya yi gida ya toshe shi, gas yana ta taruwa a ƙasa. Ya kakkaɓe, ya ɗaura, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa, babu kumfa. Wuta ta kama, shuɗiya. Muka gasa kazar muka ci.

Ka gaida kowa da kowa. Kada ka ba Inna labarin nan, ka san hawan jininta. Ka dai ce ta ƙara sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Zainab