Rijiyarmu da kunka cike

Zuwa ga Mai girma Kansilan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, amma ban mantuwa.

Na farko. Rijiyar tsakiyar gari kakanninmu sunka haƙa ta. Duk rani muna yashe ta, kuma ni da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, mun sha shiga cikinta da igiya a ƙugu. Ranar da kunka kawo burtsatse mai aiki da hasken rana, kai ka ce a cike ta, wai yara na iya faɗawa, wai zamani ya wuce guga. Na zauna bakinta na ce ban tashi. Samarinka sunka ɗauke ni cak kamar buhun gero, jama'a na dariya, kana ce mini mai ja da baya.

Na biyu. Bara da damina injin burtsatsen ya tsaya. Kun cire shi, kun ce za a kai Sakkwato gyara. Har yau shiru. Na hau babur na same ka Tambuwal, ka bar ni tsaye cikin rana, ka aiko a ce kana taro.

Na uku. Yanzu tafki muke sha, mu da shanun Fulani. Matata Hajo ta kwanta da gudawa tun bayan Sallah, ta rame har ba ta iya riƙe buta. Ko zamanin kurkunu, da har yau tabonsa ke ƙafata, muna da rijiya. To wa ya ja mu baya, ni ko kai?

Buƙatata: ku maido injin, ko ku ba mu siminti mu tone rijiyarmu. Na san inda bakinta yake.

In ba haka ba, ka sani ban yafe ba. Zaɓe na tafe, dole ka taka garin ga. Baƙo ruwa ake fara ba shi. Ni zan ɗebo na tafkin a ƙwarya, da gansakukarsa, in durƙusa in miƙa maka gaban Liman da Maigari. Ka sha ko ka ƙi, kowa na kallo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kawo ka garinmu da ƙishirwa.

Wassalam.

Naka,
Bawa mai yasar rijiya