Na Rasa Masauki a Garin da Aka Haife Ni

Zuwa ga Sarkin Zango na Agadas, da dattawan fatomomi, masu saukar da baƙi, da ke ƙarƙashinsa.

Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Ni ne Hamidu ɗan Tanko, mai lambu a Dabaga. Wani malami ne ya riƙe mini alƙalami, amma maganar tawa ce, kada a nemi malamin da ita. Ina roƙon a karanta takardar nan a zaurenka ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, don abin da ya same ni a gaban jama'a ya same ni.

Ga abin da ya kai ni gari. Ƙanina Sidi, shi kaɗai ya rage mini cikin 'yan ɗakinmu, ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma bara, ayari ya dawo babu shi. Wasu suka ce ciwo ne ya tsayar da shi, wasu suka ce ya sami aiki can ya zauna. Bana sai wani mai raƙumi ya biyo ta Dabaga, ya ce mini abokin tafiyar Sidi, wani Ba'abzine mai suna Ilyas, yana cikin ayarin da ke tafe, kuma yana ɗauke da saƙo gare ni. Ya ce in je Agadas in sauka, Ilyas zai neme ni a gidajen fatomomi kamar yadda aka saba. Ban san fuskar Ilyas ba, shi ma bai san tawa ba. Na ɗora wa jakina 'yar alkama ta tsaraba, na iso ranar Alhamis, ranar da ayari ya shigo. Kwana biyu kawai zai yi ya wuce kudu zuwa Damargu. A ranar kuma wasu askarawan Nasara suka sauka da masu yi musu hidima, gari ya cika har ba wurin ɗaure jaki.

Kukana na farko. Tun muna yara mun san fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana. Yana saukar da baƙo, ya ba shi ruwa da tabarma, ya sayar masa da kayansa, ya ci la'adarsa. Al'ada ce mai kyau, ban zo in rushe ta ba. Sai dai ban taɓa lura tana da rami ba sai da na faɗa ciki: wanda bai zo da kaya ba, ba shi da la'ada, wanda kuwa ba shi da la'ada, ashe ba baƙo ba ne. Duk ƙofar da na yi sallama, kafin a amsa mini sai an leƙa bayana a ga raƙuma nawa ne. A ga jaki ɗaya da buhun da bai cika ba, sai a ce gida ya cika.

Na biyu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Na je gidan Abdu Fatoma, wanda muka yi karatun allo da shi a zaure ɗaya. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya tambayi lambu, ya tambayi ruwan bana. Da na faɗi buƙatata sai ya yi dariya, ya ce, "Haba Hamidu, kai da kake ɗan gari? Je gidanku mana, ka bar mana ɗaki mu sa baƙi." Ranka ya daɗe, Abdu ya san gidanmu ya zama kango tun rasuwar mahaifiyarmu, ya san dangi sun watse kudu. Ga shi ban kai baƙo ba don ba ni da kaya, ban kai ɗan gari ba don ba ni da gida. A garin da aka yanke mini cibiya aka yi mini haka.

Na uku. Ɗakunan da dā ake barin matafiyi ya kwana fisabilillahi, yanzu an ba masu dafa wa Nasara abinci da masu yi musu fassara, don su da tamma suke biya. Ni ma aka ce in ina da tamma a matsa mini wuri kusa da murhu. Mai lambu a Dabaga ina ya ga kuɗin Nasara? Na ce a karɓi alkama, aka ce alkama ba ta shiga aljihu. Ban ga laifin mai neman na kansa ba, amma ban taɓa jin an sa wa tabarma farashi a Agadas ba sai bana.

Don haka na bi shawarar Abdu, na je gidanmu. Na share gefen bangon da ya rage tsaye, inda ɗakin uwarmu yake dā, ni da jakina muka sauka. Ba wanda ya leƙo ni, ba wanda ya aiko da ko ruwan sha. Ina jin hayaniyar gidajenku daga nesa, ana raba tuwo, ana kiran baƙi da sunayensu. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko a lambu da nake wuni ba mai ce mini uffan.

Ranar Juma'a na wuni a zango ina bi tsakanin raƙuma ina tambayar Ilyas. Kowa da amawali, ido kawai kake gani, kuma masu wannan suna ba ɗaya ba ne. Wanda na samu duk sai ya ce bai san Sidi ba. Asabar da hantsi ayari ya ɗaga, ina tsaye ina kallo har raƙumin ƙarshe ya ɓace.

Na huɗu. Ina cikin kwance jakina zan koma Dabaga, sai Tabawa, tsohuwar da ke kai ruwa gidan Abdu, ta tare ni. Ta ce, "Ɗan Tanko, ashe kana gari? Wani Ba'abzine ya zo nemanka har sau biyu, da wani ƙunshi a hannunsa." Ta ce ya bi gidajen fatomomi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar baƙon Dabaga, ko'ina aka ce masa ba su da wannan baƙo. A gidan Abdu ma haka aka ce masa. Ba su yi ƙarya ba, ba su sauke ni ba. Amma Abdu ya san inda ya tura ni, kuma daga ƙofarsa zuwa kangonmu bai kai tafiyar da ruwan alwala zai bushe ba. An ce wa Ilyas ya bar ƙunshin a gidan, ya ƙi, ya ce amana ce, hannu da hannu ake ba da ita. Na tambayi Tabawa ko ya faɗi wani abu game da Sidi. Ta ce bai faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Ga roƙona. A ware ko rumfa ɗaya a zango don wanda ya zo ba kaya, ba sai da tuwo ba, wurin da za a ce ga wane can in an zo nemansa. A kuma gaya wa fatomomi, in sun kori mutum, su riƙe sunansa da inda ya nufa, wannan ba ya cin ɗaki. Sannan in ayari ya dawo daga kudu, duk gidan da Ilyas ya sauka, don Allah a ce masa Hamidu ya zo, yana Dabaga, yana jira.

Ban nemi a hukunta Abdu ba. Ina so dai ya sani, ƙunshin nan ban san ko tsaraba ce daga mai rai ba, ko kayan mamaci ne. Malamin da ke rubutun nan ya tambaye ni ko ya sa "Allah ya jiƙansa" bayan sunan Sidi, na ce ya bar wurin haka nan. Ɗakin Sidi kuma, a gidana na Dabaga, ina nan ina share shi kowace safiya.

Allah ya tsare ka, ya tsare zango da baƙinsa, ya sa kada wani naka ya tsaya bakin ƙofa a leƙa bayansa kafin a amsa masa sallama.

Wassalam, daga Hamidu ɗan Tanko, Dabaga.